Amsar Baffa Daga Zangon Kumasi

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma gane hoton da kake nufi. Ka ce an gan mu a waya ranar 1 ga Janairu mun baje tabarmi, ga tukwane a kan wuta, har wasu a majalisa suna cewa Hausawan Gana sun ɗauki bikin Nasara. Ban ji haushi ba, tambaya ce mai kyau, kuma gara da ka yi ta gare ni kai tsaye.

Ku da ke ƙasar Ringim gona ce ke ƙirga muku shekara. Ruwa ya sauka a yi shuka, a yi noma da maimai, a yanke gero, kaka ta kama a shiga ɗaurin aure, rani ya yi samari su tafi ci-rani ko su gangara fadama. Ko mutum bai taɓa duba kalanda ba, ya san inda yake. A Kumasi kuwa damina biyu ce, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma a Satumba da Oktoba, kuma yawancinmu ba mu da ko kunya ɗaya ta shuka. Mahauta ne, da direbobi, da teloli, da masu sayar da albasa da goro. Abin da ke juya mana shekara shi ne kuɗin makarantar yara da kuɗin haya, wanda a nan mai gida kan nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Dukansu da watannin Bature ake lissafa su.

Daren 31 ga Disamba na Kiristoci ne. Suna sa fararen kaya su kwana a coci da kiɗa da waƙa, sha biyun dare na yi gari ya ɗauki ƙarar wasan wuta. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne a ƙasar nan, saboda haka ko ka so ko ka ƙi za ka ji su. Mu ba ruwanmu da wannan daren, in ka samu barci ka gode Allah. Wayewar gari hutu ne na ƙasa, shaguna da yawa a rufe, manyan motoci a ajiye, yara suna gida. Sallah ƙarama da babba na iyali ne da surukai. Ranar 1 ga Janairu ita ce ta rage wa abokan tafiya.

Sai na yi maka bayanin abokan tafiya, don a nan gizo ke saƙar. Tun zamanin fataken Gwanja, ayari kan taso daga Kano da madugunsa, a yi watanni a hanya kafin a kai garin Salaga da ke arewacin Gana ta yau a sayo goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, mutanenmu suka watsu zuwa wasu garuruwa, zangon Kumasi ya ci gaba da cika har ya haifi unguwanni irin su Aboabo da Asawase. Jakai sun wuce, amma ɗabi'ar ayari tana nan. Wanda kuka hau bayan mota ɗaya da shi, kuka kwana a bakin iyaka tare, kuka sauka gidan mai masauki ɗaya, shi ne danginka a nan. Shi zai raba goro ranar sunan ɗanka, shi zai karɓi masu neman auren 'yarka, in ta Allah ta kasance shi zai tsaya a kan wankanka. Mahaifinka ɗan'uwana ne ciki ɗaya, amma ranar da aka kwantar da ni asibiti ba shi ya biya kuɗin gado ba, kuma ba laifinsa ba ne. Zumunta a ƙafa take, ƙafarsa kuwa tana Jigawa.

Bayan azahar muke zama. Babbanmu ya buɗe da addu'a, sannan a bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da Allah Ya yi masa tun zaman bara. Wani ɗansa ya sauke Alƙur'ani. Wani ya aurar da 'yar fari. Wani ya biya kujerar Makka bayan dogon tari. Wani ya kai ginin da ya fara a garinsu har rufi, sai a miƙa wayarsa hannu zuwa hannu ana duba kwanon, ana yi masa tsiyar yaushe zai je ya kwana a ciki. Matanmu suna nasu zaman a tsakar gida, a ranar suke fasa adashi, kuma na fi yarda da lissafinsu a kan namu.

Akwai abin da za ka yi mamakin jin an yi masa kabbara: takarda. Mutum ya ce ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ko jikansa ya karɓi katin shaida ba tare da an tsare shi da tambayar asalin kakansa ba, sai ka ga dattawa sun fi murna a kan labarin sabuwar mota. Dalili shi ne 1969. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Firaministan Gana Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba, suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau mota. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ba ya wasa da takarda. Kai ba wanda zai taɓa tambayarka shaidar cewa kai ɗan garinku ne, kushewar kakanka tana bayan gari.

Ba kowa ke da labari mai daɗi ba. Kasuwar Kumasi ta sha gobara, kuma jari kan karye ko ba wuta. Idan aka zo kan mutum ya ce "Alhamdulillahi" kawai ya yi shiru, ba mai matsa masa. Bayan an tashi ne mai riƙe da asusu zai bi shi gida da dare. Wannan asusun shi ne ainihin dalilin zaman: a ranar ake karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, a yanke abin da kowa zai riƙa zubawa. Daga nan sai a ambaci waɗanda muka kai maƙabartar Tafo a cikin shekarar, da waɗanda aka aiko mana rasuwarsu daga gida, a yi musu Fatiha. Sai abinci: shinkafa da wake irin ta nan, da tuwo miyar kuka don tsofaffi.

Kada ka ɗauka bakinmu ɗaya a kan wannan. Akwai malamai a nan da ke ganin ko zaman ma a kauce masa tunda ya faɗo a ranar, wasu abokanmu sun daina zuwa saboda haka, ba mu kuma daina gaisawa ba. Akwai kuma masu bin halin babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda a 2019, yana cika shekara 100, ya ziyarci wani cocin Katolika a Akara don kyautata maƙwabtaka. Ni dai ban ga ibada a zamanmu ba balle in ce mun ƙirƙiro ta, lissafi ne da sada zumunci. Abin da ba na so shi ne yadda samari suka fara kawo lasifika da anko, suna ɗaukar hoto suna watsawa. Irin hoton nan ne ya iso gare ku, tukunya ta fito, littafin asusu bai fito ba.

Muharram kuwa ba mu yar da ita ba. Ku gwamnati kan ba ku hutun 1 ga wata, mu ranar aiki ce, amma ana sanarwa a masallatai, a yi azumin Tasu'a da Ashura, a yi cika-ciki gwargwadon hali. Dagombawa a Tamale da Yendi har bikin wuta suke yi a watan, su fito da dare riƙe da damin ciyawa yana ci. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne taubasai, don ba daɗin cika-ciki in ba wanda zai tare ka a hanya yana bin ka kuɗin shara. Jikokina da aka haifa a nan sai da na zaunar da su na yi musu bayanin wasan, suka saurara da Hausarsu mai gauraye da Tuwi, yaren mutanen Kumasi, suka ce a turo musu lambar taubasan nasu.

Kafin Disamba mai zuwa ta ƙare, ka rubuto mini sunayen waɗanda suka rasu a gari, da waɗanda suka yi sauka ko aure, don in an zo kaina in faɗe su tare da nawa. Ka gaishe da mahaifinka da innarka, ka kuma gaya mini yadda gero ya yi bana.