Maigidana sai ya huta sau biyu kafin ya isa masallaci

Gwaggo, assalamu alaikum. Daga Aboabo nake rubuto miki, nan Kumasi. Maigidana direban trotro ne, wato motar haya, shekarunsa 52, kuma tun kafin a ɗaura mana aure yake shan sigari. Da kwali guda yake tashi da shi a rana, yanzu ya dawo kara uku, ya ce wannan ai ba sha ba ne.

Abin da ke hana ni barci shi ne ƙafarsa. Daga ƙofar gida zuwa masallaci ba nisa, amma sai ya tsaya sau biyu, ya dafa bango kamar mai gyara takalmi. Sharaɓarsa ta hagu ce ke ɗaurewa, in ya ɗan huta ta saki. Da dare in na taɓa ƙafar, sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ya ce taka kuloci ne. Na shafa masa man zafi har kwalba ta ƙare. In na ambaci taba sai ya ce mahaifinsa ya sha har ya tsufa tukuf. Ni ma ina shakka, tunda ba ya tari. Ina ruwan taba da ƙafa?

Maman Rabi

Wa alaikumus salam, 'yata. Ajiye man zafin nan. Ciwon da ke zuwa da tafiya ya tafi da hutu, ga ƙafa mai sanyi, a jikin wanda ya daɗe yana shan taba, ya fi kama da jini ne ba ya isa ƙafar. Likita ne zai tabbatar, amma kada a kai wata guda ana jira.

Mun saba ɗauka huhu kaɗai taba ke ci. Hayaƙinta yana gurje cikin jijiyoyin jini, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta tsuke kamar kwatar da shara ta cushe. Sinadarin nikotin da ke cikin taba na ƙara matse su, ya sa zuciya gudu, jini ya hau. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin kuma tana kama jini ta ƙwace gurbin oksijin. Yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi ƙafar. Da ya miƙe tafiya, tsoka ta nemi ƙari ba ta samu ba, sai ta ɗaure. Abin da ya fi damuna, jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa hayaƙi ɗaya suka sha da na ƙafa. Daga nan bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke fitowa, kuma mutum ne da ke ɗaukar rayuka a bayan sitiyari.

Kara ukun nan kada ya ruɗe ki. Binciken da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Bari gaba ɗaya ne magani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara guda da bari, haɗarin ya kan sauko zuwa kusan rabin na mai sha. Zancen mahaifinsa kuwa, Allah ya jiƙansa, ba a gadon sa'a.

Kada ki tare shi gaban yara ko yana shigowa a gajiye. Bayan ya ci tuwo, ki ce, "Baban Rabi, ƙafar nan ta tsorata ni, mu je a duba." Ƙafa za ki sa a gaba, taba likita ya faɗa da bakinsa, don mazanmu sun fi jin ta daga waje. Ku ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS ku je asibitin Manhyia, a auna hawan jini da suga, a taɓa bugun jini a ƙafar. In da buƙata za a tura ku babban asibitin Komfo Anokye. Ki tuna masa cewa da azumi yakan wuni bai kunna ko ɗaya ba. Kafin nan, shan ta a ɗaki ya ƙare, don ke da Rabi kuna shaƙa.

In ƙirjinsa ya yi nauyi da gumi, ko baki ya karkace, ko yatsan ƙafa ya fara baƙi, ko da tsakar dare ne ku nemi mota zuwa asibiti, kuma wani ya tuƙa, ba shi ba.

Gwaggo