Lauya ko Tarihi: Amsar Kawu Daga Ingila

Ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ni. Ka ce lokacin cike fom ɗin JAMB ya gabato, ranka yana kan tarihi, mahaifinka kuma ya kafe sai lauya, har yana tambayarka, "Mi za ka ci da labarin mutanen da sunka mutu?" Sannan ka ji ana cewa mutum yana iya karanta tarihi abinsa, daga baya ya juya ya zama lauya cikin shekara guda, shi ya sa kake so in duba maka hanyar zuwa nan Ingila ka yi hakan.

Wanda ya faɗi haka akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma da ɗan Ingila yake magana, ba da ɗan Sakkwato ba. A nan, tun 2021 aka kawo jarrabawar shiga aikin lauya da ake kira SQE. Kowane irin digiri gare ka, in ka ci ta, ka kuma yi shekara biyu kana koyon aiki a hannun lauyoyi, ka zama lauyan ofis. Mai son tsayawa gaban alƙali da hular gashi kuwa yana yin kwas na shekara ɗaya da zai cike masa gurbin digirin lauya, sannan ya wuce horo. A Amurka ma lauya ba digirin farko ba ne sam. Sai ka gama wani fannin, tarihi ko falsafa ko lissafi, kafin ka shiga makarantar lauya ta shekara uku. Shi ya sa yaransu suke zaɓar tarihi hankali kwance.

A Najeriya ba haka tsarin yake ba. Makarantar horas da lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962 kuma hedikwatarta take Bwari ta Abuja yanzu, digirin lauya take tambaya a bakin ƙofa. Ka yi lissafi da kanka. In ka shiga lauya kai tsaye, shekara 5 a jami'a, 1 a makarantar lauyoyi, 1 bautar ƙasa, 7 ke nan. In ka fara da tarihi, shekara 4, sannan ka koma neman gurbin lauya daga aji biyu, wasu 4, ga makarantar lauyoyi da bautar ƙasa, ka tashi da 10. Wannan ma in an ba ka gurbin, kuma in yajin aikin malaman jami'a bai ci maka shekara ba. Kai ne babba a ɗakinku. Ba na jin Inna za ta iya jiran shekara goma.

Batun zuwa nan kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ban goyi bayan ka yi digirin farko a Ingila ba. Ɗalibin waje da wuya ya samu kuɗin makaranta ƙasa da fam dubu 15 a shekara, ban da haya, ban da abinci da kuɗin ɗumama ɗaki. Ka juya shi zuwa naira ka gani ko gonar Baba ta fadama za ta ɗauki shekara ɗaya. Kuma ko an biya, doka aba ce mai bin ƙasa. Wanda ya yi digirin lauya a nan, in ya koma gida sai ya fara da zangon farko na makarantar lauyoyi, wanda aka keɓe wa 'yan waje don su koyi tsarin mulkin Najeriya da dokar filaye da sauransu, kafin ya haɗu da 'yan gida a zango na biyu. Da wuya kuma ka samu wanda zai koya maka rabon gado a mazhabar Malikiyya a ajin digirin farko a nan, alhali rigingimun da ke cika kotunan Sakkwato su ne gado, aure, bashi da fili. Jami'o'inmu irin su Ɗanfodiyo da Bayero da ABU suna koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar da muka gada daga Turawa. Wannan haɗin shi ne kasuwar lauya a Arewa, kuma a gida ake samunsa.

To shawarata ita ce, in makinka ya kai, ka nemi lauya a Ɗanfodiyo. Ba don tarihi ya gaza ba ne. Dalilina shi ne hanyar da ta tashi daga lauya zuwa tarihi a buɗe take, wadda ta tashi daga tarihi zuwa lauya kuwa, a ƙasarmu, tana da tsawo da tsada. Mai digirin lauya yana iya zuwa nan ya yi digiri na biyu a tarihin shari'a ko nazarin Afirka cikin shekara ɗaya, kuma a wannan matakin ne ake samun tallafi irin su Chevening da Commonwealth. Wanda aka riga aka rantsar lauya a Najeriya, in ya so aiki a nan, yana zana SQE ba tare da an nemi ya sake shekara biyun koyon aiki ba.

Amma ka gaya wa mahaifinka, cikin ladabi, cewa a Sakkwato ba a yi wa tarihi wannan tambayar. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, da tarihi duniya ta san shi, kuma a wurinsa Baturen masanin tarihi Murray Last ya zauna ya karanci takardun Daular Usmaniyya kafin ya fitar da littafinsa kan daular a 1967. Farfesa Mahdi Adamu masanin tarihi ne, shi ya shugabanci jami'ar Sakkwato daga 1982 zuwa 1989. Su kansu mutanen jihadi ba su raba fannonin biyu ba. Malam Abdullahi na Gwandu, da mutanen Kano suka roƙe shi ya nuna musu yadda za su tafiyar da mulki da hukunci, sai ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, kuma shi ɗin ne ya bar mana labarin yaƙoƙin jihadi cikin waƙoƙinsa. Lauyan da zai kare filin gado a unguwar da aka zauna tun kafin Turawa su ci garin a 1903, ya kuma daidaita shi da dokar filaye ta 1978, aikin ɗan tarihi yake yi, ko ya sani ko bai sani ba: wa ya fara zama, wa ya ba shi, wace takarda ce ta gaskiya, wane dattijo ne shaidarsa ba ta karo da kanta.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne ka ce ka daina zuwa karatun zaure tunda ka shiga aji shida. Koma. Duk wanda ka zaɓa cikin biyun, Larabcinka ne jarinka. A nan Landan, a gidan adana takardu na Kew, akwai tulin wasiƙun da gwamnonin Arewa suka aika wa ofishin mulkin mallaka, kuma kowane Bature yana iya karanta su. Abin da ba ya iyawa shi ne ya buɗe kundin alƙali ko wasiƙar waziri da aka rubuta da hannu, da Larabci ko ajami, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu da Arewa House da gidan adana takardu na Kaduna. Mai wannan basirar ne jami'o'in nan suke ba kuɗin bincike. Ɗan tarihin da ba shi da ita, gaskiya, koyarwa ko aikin gwamnati ne galibin abin da ke gabansa. Ba laifi ba ne, kuma tunda aka maido da darasin tarihi makarantu bayan an cire shi shekara da shekaru, ana neman malamai, sai dai ka san albashin malami.

Kada kuma baƙar riga ta ruɗe ka. Sabon lauya yakan yi shekaru yana ɗaukar wa babba jaka da fayil, abin da ake ba shi a wata bai taka kara ya karya ba, wani ma sai kuɗin mai in an je kotu. Karatun kansa hukunce-hukunce ne masu shafuka barkatai da Turanci mai nauyi. Kafin ka cike fom, ka je babbar kotun jiha da kotun shari'a ka zauna a bencin baya ranar da ake zama. In ka fito kana son sanin yadda za ta kaya, aikin zai karɓe ka. In barci ya yi ta fizgarka, ka faɗa mini, ni zan kira mahaifinka mu yi magana, don ba amfani a yi shekara biyar ana jan ka da igiya.

Sannan ka duba sakamakonka na WAEC tun yau. Lauya yana buƙatar kiredit a adabin Turanci, kuma dole ka zaɓe shi cikin darussan JAMB. Gurbin ma ƙayyadadde ne, domin hukumar ilimin lauyoyi ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, shi ya sa ake ganin mai maki mai kyau an tura shi wani sashen. In haka ta faru aka ba ka tarihi, karɓi abinka, kada ka zauna gida shekara guda kana jiran lauya. Ka dage ka fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, don da shi ake neman tallafin digiri na biyu.

Ka ɗauki hoton sakamakon ka turo mini ta WhatsApp kafin Juma'a. Ka gaishe da Inna da ƙannenka, mahaifinka kuma ka ce masa zan kira shi ranar Lahadi bayan La'asar ɗinku.