Amsa ga Kawu kan shigarmu cocin Lavenham

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, saƙonku ya iso, kuma na fahimci cewa tambayar da ke cikinsa ba taku ce ku kaɗai ba. An ga hotonmu a ƙofar coci, an ce me ya kai Bahaushe Musulmi wannan wuri, wasu kuma sun ƙara da cewa dama tun ranar da ɗana ya auri Baturiya aka san inda za a kwana. Zan yi muku bayani dalla-dalla, domin ku ne babba, kuma in kun gamsu sauran za su yi shiru.

Lavenham ƙauye ne a yankin Suffolk da ke gabashin Ingila, kuma iyayen surukata ba su da nisa da shi. A ƙasar nan, idan baƙo ya zo ƙauye, abin da ake fara kai shi ya gani shi ne tsohon cocin garin, domin a nan tarihin mutanen yake: sunayen kakanninsu suna jikin duwatsun maƙabartar da ta kewaye ginin, sunayen samarin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 kuma suna rubuce a bango. Ranar Talata muka je, ba a ibada, ƙofa a buɗe, ba kowa ciki sai wata tsohuwa da ke sauya ruwan furanni. Surukinmu ya cire hularsa a bakin ƙofa bisa al'adarsu, ni kuwa na shiga da zannata a kai, kuma ba wanda ya ko ɗaga ido ya dube ni. Da azahar ta yi na shimfiɗa darduma a ciyawa kusa da mota, su kuma suka tsaya daga nesa suna jira har na sallame.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kuɗin da aka yi ginin da su, domin kuɗin saƙa da rini ne. A ƙarni na 15 da farkon na 16 mutanen Lavenham sun shahara da wani yadin ulu mai launin shuɗi, wanda suke rinawa da ganyen wata shuka da ke yin aikin baba, har ƙauyen ya shiga sahun garuruwan da suka fi arziki a Ingila. Attajiran yadi na gidan Spring da wani basarake, John de Vere, wanda ya jagoranci sahun gaba na rundunar Henry Tudor a yaƙin Bosworth a 1485, yaƙin da ya ba Henry sarautar Ingila, su suka zuba dukiya. An fara hasumiyar a 1486, wato lokacin Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano, aka tsaya wajen 1525, tsayinta kuwa ya kai ƙafa 141. An lulluɓe ta da duwatsun ƙyastu da aka fasa ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe masu sheƙi, an kuma sassaƙa tauraron gidan de Vere a jikinta. Na tsaya ina kallo ina tuna Baba da hannayensa da shuni bai taɓa barin su ba har ya rasu, na kuma gaya wa jikata cewa kakan ubanta ma marini ne, kuma karofinsa ya ciyar da gida guda ya yi wa unguwa masallaci.

Cocin a yau na 'yan Angalika ne, amma masu ginin ma ba 'yan Angalika ba ne, Katolika ne, domin sai a 1534 Sarki Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da Paparoma. Cocin Angalikan nan kuwa ba baƙonku ba ne a gida. Mutanensa ne suka zauna a Zariya tare da Likita Miller, suka koma Wusasa a 1929, inda aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa. Na san cikin masu zarginmu akwai waɗanda aka yi wa magani a asibitin Wusasa, ban kuma ji an ce sun bar addini ba.

Batun aure kuwa, kun fi ni sanin cewa shari'a ta halatta wa Musulmi auren mace ma'abociyar Littafi. A masallaci aka ɗaura shi, an ba da sadaki, an raba goro da dabino. Yarinyar nan tana durƙusawa ta gaishe ni, ba ta kama sunan uwar mijinta, tana kuma tuƙa tuwon semo da ba zan ji kunyar ajiye muku shi ba. Iyayenta sun zo sunan jikata sun zauna tun daga huɗuba har cin rago. Idan su suka ce mu zo mu ga inda aka binne nasu, na ƙi zuwa, ban san da wane ido zan dube su ba, kuma ba haka kuka rene mu ba.

Akwai abin da ya sosa mini rai a can, ba zan ɓoye ba. Masu zuwa ibada a irin waɗannan ƙauyuka sun ragu ƙwarai, galibi tsofaffi ne, amma su ke tara kuɗin gyaran rufi da ɗan akwatin da ke bakin ƙofa, su ke sharewa, su suka ɗinka matasan da ake durƙusawa a kai da hannunsu. Mu kuwa da na zo gida na tarar ana haƙar ƙasar ganuwa ana gina shaguna a gurbinta.

Idan kuna neman abin da za ku damu da shi game da mu, ga shi nan: jikokinku suna jin Hausa, amma da Turanci suke mayar da amsa. In kun kira ranar Juma'a, ku yi musu magana da Hausa zalla, kada kuma ku amsa musu sai sun mayar da ita.