Biyan Bashi Cikin Shekara 2 Ko Shekara 5: Wanne Zan Zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Basussuka uku ne a kaina, na kayan da na ɗauka. Wani kamfanin sasanta bashi ya ba ni zaɓi: in gama cikin shekara 2, kusan rabin albashina yana tafiya duk wata, ko a shimfiɗa min zuwa shekara 5 da biya mai sauƙi, sai dai jimillar za ta ƙaru. Ina da iyali. Wanne ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya yaye maka, ɗan'uwa. Tsawon wa'adi shi kaɗai ba ya haramta komai. Inda na tsaya a tambayarka shi ne "jimillar za ta ƙaru". Ka ɗauko takardar ka duba: aljihun wa ƙarin zai shiga? In ladan aikin kamfanin ne, adadi sananne da aka yanke tun farko, babu laifi. In kuwa masu bin ka ne suka ɗora shi saboda ƙarin shekara 3, to riba ce.

Za ka ji masu cewa ai daidai yake da sayar da kaya bashi a farashin da ya ɗara na kuɗi hannu, wanda malamai suka halatta. Wannan ƙiyasi bai tsayu ba. A ciniki ana yanke farashi kafin bashin ya wanzu, ga kaya a gaba, ƙarin yana cikin kuɗin kayan. Kai kuwa ka daɗe da karɓar naka, abin da ya rage kuɗi ne a wuyanka, to ƙarin kuɗin mene ne? Imamu Malik ya ruwaito daga Zaidu bn Aslam cewa a jahiliyya in wa'adi ya cika mai bin bashi kan ce: za ka biya ko za ka ƙara? Shi ne wannan, ko da an raɗa masa suna "kuɗin sake tsari". Cewa kai ka yarda ma ba hujja ba ce, na jahiliyya da yardarsu suke ƙarawa.

Amma kada ka faɗa gajeren tsarin ido rufe. Ciyar da iyali wajibi ne. Ka zauna da matarka, biro da takarda, ku cire abinci, haya da magani. In ragowar ta ɗauki biyan shekara 2, ka ɗaure ka gama. In kuwa tsarin zai kai ka ga cin sabon bashi a wata na huɗu, ka je wurin masu bin ka da ƙafarka, ka nemi jinkiri ba ƙari. Aya ta 280 a Baƙara, wadda ta ce a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, tana tare da kai.

In an yi maka tayin ragi don ka biya da wuri, Malikiyya sun hana, amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta a zamanta na Jidda a 1992, muddin tsakaninka da masu bin ka ne kai tsaye kuma ba a sharɗanta tun farko ba.

Ka karanta sharaɗin tarar jinkiri kafin ka sa hannu, a nan riba ta fi ɓuya. Ka kuma rubuta basussukan nan a wasiyyarka tun yau. Wallahu a'alam.