Hukuncin ƙasaru da ziyarar kufai ga ma'aurata masu tafiyar hutu a Kuroshiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aiki a ƙasar Jamus, iyalina kuma ta biyo ni bara, amma har yanzu ba ta sake ba, kullum tana gida ita kaɗai, ga sanyi ga kewar 'yan'uwa. Na yi niyyar in kai ta Kuroshiya mu bi garuruwan bakin teku a tsanake. Za mu kwana biyu a Dubrovnik, sai Split inda muka kama gida daga yammacin Litinin zuwa safiyar Asabar, sai kwana bibbiyu a Zadar da tafkunan Plitvice. Wani abokina mai karatu ya ce shiga kufan mutanen da haramun ne saboda hadisin Samudawa, kuma mai yawon buɗe ido ba shi da ƙasaru. Mene ne gaskiyar lamari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri bisa lura da halin da iyalinka take ciki, domin macen da aka raba da danginta aka kai ta inda ba ta jin harshen mutane tana ɗauke da nauyin da maza da yawa ba sa gani. Tafiyar da aka yi don a sanyaya mata rai halal ce, kuma da kyakkyawar niyya tana cikin kyautata zaman aure da ake ba da lada a kansa. Tun da yake dama kana zaune a Jamus kana tsai da addininka, ba sai mun sake buɗe batun tafiya ƙasar da ba ta Musulmi ba.

Maganar abokinka a kan ƙasaru tana da asali a mazhabarmu, domin Shehu Khalil a Mukhtasar ya cire mai saɓon Allah da tafiyarsa da kuma mai tafiyar wargi daga waɗanda aka sunnanta wa ƙasaru. Sai dai masu sharhi suna buga misalin wargin da mai fita farauta don wasa kawai, kuma ko shi ɗin karhanci suka ce, idan ya yi ƙasaru ba ya rama sallarsa. Tafiyarka tana da manufar da shari'a ta san da ita, nisan kuma ya wuce burudi huɗu, wato kimanin kilomita 80, domin daga Dubrovnik zuwa Split ya haura kilomita 200, daga Split zuwa Zadar kusan 160, daga nan zuwa Plitvice sama da 100.

Abin da ya canza hukunci shi ne abin da ka ambata a tsakiyar tambaya ka wuce, wato gidan da kuka kama a Split. Wanda ya yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ya fita daga hukuncin matafiyi tun daga lokacin da ya shiga garin, kuma ba a lissafa ranar shiga idan an shiga bayan alfijir, haka ma ranar fita. Kun shiga Litinin da yamma, za ku fita Asabar da safe, ke nan Talata da Laraba da Alhamis da Juma'a duk cikakku ne, sun ƙunshi salloli ashirin. Saboda haka za ku cika salla a Split tun daga sallar farko da kuka yi a cikinsa, ba sai kwanaki huɗun sun cika ba kamar yadda wasu ke zato, kuma fitar da za ku yi zuwa garin Trogir ko kufan Salona da ke kusa ba ta mayar da ku matafiya, domin ba ta kai nisan ƙasaru ba. Da a ce ranar Juma'a za ku tashi, da kwana uku ne cikakku, da ƙasaru za ku yi. Ban ba ka shawarar ka rage kwana don neman rangwame ba, domin cika raka'a huɗu a gidan da kake zaune lafiya ba wahala ba ce. Abu na biyu da ya biyo bayan wannan niyya shi ne Juma'a ta hau kanka a wannan makon, don haka ka nemi masallacin al'ummar Musulmin Split tun kafin ranar, ka san hanyarsa da lokacin huɗuba. A Dubrovnik da Zadar da Plitvice kuwa ku yi ƙasaru. Haɗa Azahar da La'asar a kan hanya ya halatta, sai dai malamanmu sun keɓe wannan rangwame ga tafiyar tudu, don haka idan da jirgin ruwa za ku je Split, ku zaɓi lokacin tashin da ba zai cinye muku lokacin salla ba.

Batun kufai shi ne nake so in tsaya a kansa, domin fahimtar abokinka ta haramta shigarsa ta yaɗu tsakanin matasa masu son addini, kuma tana haramta wa mutane abin da Allah bai haramta ba. Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. A kan hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijr, mazaunin Samudawa, ya hana shiga wurin waɗanda aka yi wa azaba sai ga mai kuka, don kada abin da ya same su ya sami mai shiga, sannan ya rufe kansa ya gaggauta har ya wuce kwarin. Dalilin hanin yana cikin hadisin kansa, wato wuri ne da azaba ta sauka a kansa, kuma Alƙur'ani ne ya ba mu labarin saukarta. Idan abokinka ya ce ai a wata ruwayar an ce waɗanda suka zalunci kansu, kuma Rumawan da suka bar tsofaffin gine-ginen Split ma mushrikai ne azzalumai, sai a ce masa ita ma wannan ruwayar ta ƙare da tsoron kada abin da ya same su ya same ku, sai ya faɗa mana abin da ya sami mutanen Split da nassin da ya tabbatar da shi. Ba a hukunta cewa wuri na azaba ne don kawai mazaunansa sun mutu gininsu ya rushe, in ba haka ba da babu tsohon garin da zai tsira.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan maganarsa wanda shi ma ba zai yarda da shi ba. A Hijr an umarci sahabbai su zubar da ruwan da suka ɗebo daga rijiyoyin wurin, ƙullin da suka kwaɓa da shi kuma su ba raƙuma, aka bar musu rijiyar da taguwar Annabi Salihu take sha kaɗai. Wanda ya shimfiɗa wannan hukunci a kan kowane kufai dole ya haramta ruwan Split da kwana a cikinsa, alhali fadar da sarkin Rumawa Diocletian ya gina a can, ya koma cikinta bayan ya sauka daga mulki a shekara ta 305, ita ce tsakiyar garin a yau, da gidajen mutane da shaguna a cikin ganuwarta.

Aikin sahabbai ya isa ya raba gardama. Ɗabari ya kawo cewa lokacin da Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya ci Mada'in, babban birnin Farisa, a shekara ta 16 bayan hijira ya shiga fadar Kisra sarkinsu yana karanta ayoyin Suratud Dukhan a kan lambuna da idanun ruwa da mutanen Fir'auna suka bari, ya yi salla a cikinta, har ya mayar da ita wurin salla. Waɗanda suka buɗe Masar sun zauna daura da dalar Fir'aunoni, kuma har yau ginshiƙan ɗakin bautar Rumawa suna tsaye a ƙofar Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, malamai na ƙarni bayan ƙarni suna wucewa ta ƙarƙashinsu. Waɗannan sun fi mu sanin hadisin Hijr, kuma ba su fahimce shi yadda abokinka ya fahimta ba. Ku shiga fadar Diocletian, ku duba, ku yi tunanin inda mai wannan fada yake yanzu, domin wannan shi ne kallon da Alƙur'ani ya yi kira gare shi.

Abin da ya kamata ka kiyaye a wurin wani abu ne dabam da wanda aka tsoratar da kai. Ginin da Diocletian ya tanada don kabarinsa an mayar da shi coci, cike da hotuna da mutum-mutumi, kuma Sayyidina Umar ya ƙi shiga irin waɗannan wurare saboda hotunan, don haka ku tsaya a farfajiya, kada kuma ku yi salla a ciki. A bayan ƙofar arewa ta fadar akwai ƙaton mutum-mutumin wani limamin Kirista, Gregory na Nin, wanda baƙi ke shafa babban yatsan ƙafarsa don neman sa'a har ya yi ƙyalli. Masu yi wa baƙi jagora za su ce ku ma ku shafa, kuma mutum yakan yi don kunya ko don wasa. Kada ku kusanci wannan, domin neman alheri daga gunki ya taɓa tauhidi, kuma ya fi duk abin da ka tambaya haɗari.

Plitvice ba ta da matsala, tafkuna 16 ne da ruwa ke kwararowa daga na sama zuwa na ƙasa, ana bin su a ƙafa a kan gadojin katako, kuma an hana wanka a cikinsu, wanda ya rage muku fitinar tsiraici. Zagayen yana cin sa'o'i, don haka ku shiga da alwala ku san inda za ku yi salla tun kafin ku fara. Bakin teku kuwa a watannin Yuli da Agusta ba wurin da zan so ka kai iyalinka ba ne, kai ma idonka amana ne. Idan hutunka zai yiwu a Mayu ko Oktoba, ka zaɓi wannan. A abinci, duk abin da ya fito daga teku halal ne, amma ka riƙa tambaya, domin suna yawan zuba giya a shinkafar da suke dafawa da kayan teku, busasshen naman da suke kira pršut na alade ne, naman sa da ake kira pašticada kuma da giya ake dafa shi, sau da yawa har da kitsen alade.

Kada ka ci bashi saboda wannan tafiya, kuma kada ta taɓa abin da kake aika wa iyayenka. Ka rage saka hotunanku a Facebook, domin a gida akwai masu kallo da ba su da na cefane, ido kuma gaskiya ne. Abokinka tsoron Allah ne ya sa shi magana, ka nuna masa wannan amsa cikin mutunci ba don ka kayar da shi ba. Idan kun dawo, ka nema wa iyalinka ajin koyon Jamusanci da majalisin mata a masallacin unguwarku, domin hutun 'yan kwanaki ba zai warkar da kaɗaicin da take kwana da shi take tashi da shi ba. Allah ne mafi sani.