Likita, an rubuta "chronic" a takardar Baba

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifina gwaji, na ga an rubuta "chronic kidney disease" a takardarsa. Wani maƙwabci ya ce wai ciwon ya kai maƙura ke nan. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ki kwantar da hankalinki. Na sha ganin mutane sun fita ɗakin duba marasa lafiya da takarda a naɗe a hannu, ido ya cika da ƙwalla, saboda wannan kalma kaɗai. "Chronic" ba ta auna tsananin ciwo, daɗewarsa take nufi. Asalinta daga harshen Girka ne, daga kalmar da ke nufin lokaci. A ciwon ƙoda, wato "kidney disease" da aka rubuta wa Baba, ba ma rubuta ta sai matsalar ta haura wata 3. Ciwon kuma mataki 5 ne. Akwai masu mataki na 2 ko na 3 da ke shekara da shekaru suna zuwa kasuwa da gona, wankin ƙoda kuwa galibi sai a mataki na 5 ake zancensa. Don haka ki koma ki tambayi likitansa a wane mataki yake. Kafin nan, a ɗauke masa magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. A riƙa auna masa hawan jini da sukari, su ne suka fi cin ƙoda.

Tambaya: Ni kuwa "acute" aka rubuta a katin ɗana mai gudawa. Wannan mai sauƙi ne? Daga wani magidanci a Gusau.

Amsa: Malam, "acute" ciwo ne da ya zo farat ɗaya, bai daɗe ba. Amma kada ka yi sake, gudawa kan ƙarar da ruwan jikin yaro cikin kwana ɗaya. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS bayan kowace gudawa, da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. In idonsa ya faɗa ko ya kasa sha, a kai shi asibiti nan take.

Tambaya: An ce ciwon hantata nau'in B ya zama "chronic", alhali ni garau nake ji. In daina zuwa asibiti? Daga wani ɗalibi a Bauchi.

Amsa: A'a, ɗana, kada ka daina. Ma'anarsa ƙwayar cutar ta wuce wata 6 a jininka, kuma tana iya yi wa hanta ɓarna a ɓoye ba ka ji komai ba. Ba kowa ke buƙatar magani nan da nan ba, gwaji ne zai nuna. Ka riƙe ranakun da aka ba ka, ka kuma kai 'yan gidanku a gwada su, wanda ba ya ɗauke da ita a yi masa allurar riga-kafi.