Kafin a doshi kwazazzabo da keke: me ya cancanci a kashe wa kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tuƙa keken tsere, amma a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Yanzu abokaina sun shirya tafiyar kilomita 110 da za ta ratsa kwazazzabo, ta haura dutse, ta zagaya tafkin dam. Kekena na alminiyam ne, farantan gaba masu haƙora 53 da 39, babban farantin baya kuma 25. Wani mai sayar da kekuna ya ce sai na sayi na kabon mara nauyi. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Nauyin keken nan ba zai kayar da kai ba, giyarsa ce za ta yi maka aika-aika.

Mu yi lissafi. A ce kai kilo 75 ne, keken kilo 9 da rabi, ruwa da tarkace kilo 2. Keken kabon mai tsada zai rage maka kilo ɗaya da rabi, wato ƙasa da kashi 2 cikin 100 na duk abin da kake haurawa da shi. A hawan awa guda, ribar ba ta wuce kusan minti ɗaya ba. Mai neman lambar yabo yana iya sayen wannan mintin da tsada, kai kuwa so kake ka dawo gida da gwiwoyinka lafiya.

Yanzu dubi giya. Tayar keken tsere tana cin kimanin mita 2.1 a juyi ɗaya. Da 39 a gaba da 25 a baya, duk zagayen feda ɗaya yana tura ka mita 3.3. A tudun da ya kai kashi 10 cikin 100, wato kowace mita 100 kana haura mita 10, da wuya matuƙi irinmu ya wuce kilomita 8 a awa. A wannan gudun ƙafarka za ta riƙa juyawa sau 40 kacal a minti. Ka san yadda abin yake: ka miƙe tsaye kan feda, keke yana karkata dama da hagu, kana jan ƙahonsa kamar za ka tumɓuke shi, numfashi yana fita da ƙara. Minti goma ana iya jure wannan, awa guda kuwa sai dai a sauka a tura. Da 34 a gaba da 34 a baya, a wannan tudun da wannan gudun, ƙafa tana juyawa sau 63, kana zaune daram a sirdi.

Saboda haka ka kai keken wurin mai gyara, a sa maka farantan gaba masu haƙora 50 da 34, na baya kuma daga 11 zuwa 32 ko 34. Abu biyu za ka sa wa ido. Na farko, ƙarfen da ke sauya giya a baya yana da iyakar girman farantin da yake ɗauka. Mai gajeren hannu ba lallai ya kai 34 ba, sai an sauya shi da dogo, sarƙa ma sai sabuwa. Na biyu, yawan farantan baya, 10 ne ko 11 ko 12, dole ya dace da abin sauya giyar da ke hannunka, kuma kada a haɗa maka kayan kamfanin Shimano da na SRAM ko Campagnolo barkatai ba tare da an tabbatar suna aiki tare ba.

Kada kunya ta hana ka. Akwai masu ganin babban farantin baya alamar ragwanta ce, alhali ƙwararru ma suna sa shi ranar da za su hau irin dutsen Angliru na Sifaniya, inda tudu ke wuce kashi 20. Tun 1937 gasar Tour de France ta halatta wa 'yan tsere abin sauya giya, gardamar ta mutu tuntuni.

Kuma ka daina kallon 110 ɗin nan, ka tambayi abokanka jimillar hawan. Hanyar gefen tafki mayaudariya ce. Ruwa a kwance yake, sai mutum ya zaci hanya ma haka take, amma tana hawa tana gangara a bakin kowane rafi da ke shiga tafkin, kuma waɗannan gajerun tuddan sukan zo ne bayan babban dutse ya riga ya cinye ƙafa. Don ka samu ma'auni, shahararren hawan Alpe d'Huez na Faransa kilomita 13.8 ne, mai lanƙwasa 21, kuma yana haurawa sama da mita 1,000. In aka ce maka tafiyarku tana da hawan mita 2,000, to kusan biyunsa ke jiranka.

Tambaya: Malam, ni gangara nake tsoro. Hannuna yana ƙagewa saboda riƙe birki. Zan sayi sabon keke, shin in ɗauki mai birkin faifai ko mai birkin da ke kama gefen rim?

Amsa: 'Yar'uwa, tunda sabo za ki saya kuma ƙasar duwatsu za ki bi, ɗauki mai faifai, na mai, ba na waya ba. Yatsa ɗaya ko biyu sun ishe shi, kuma ruwan sama bai cika rage masa kamu ba. Ki nemi faifan gaba mai faɗin milimita 160, ya fi 140 jure zafi. Tun 2018 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da shi a gasannin kan titi, yanzu kusan duk sabbin kekuna da shi suke fitowa.

Wanda ke da tsohon birki a kan rim na alminiyam ba sai ya jefar da kekensa ba. Sababbin robobi masu kyau da sabuwar waya suna gyara abu da yawa. Wanda nake gargaɗi shi ne mai rim na kabon da birkin gefe. A doguwar gangara zafi yana taruwa a rim ɗin, yana iya lanƙwasa shi ko ya fasa tif ana cikin gudu.

Sai dai ƙagewar hannun nan rabinta daga riƙo take. Kada ki danne birki tun daga sama har ƙasa. Ki matse da ƙarfi a miƙaƙƙen wuri, ki saki ya huce, ki gama rage gudu kafin ki shiga kwana. Hannu ya sauka ƙasan lanƙwasar ƙaho, nan ne yatsu suka fi samun ƙarfi, ki ɗan ja jiki baya, kuma ki saba da birkin gaba domin shi ke yin yawancin aikin tsayarwa. A kwazazzabo ki ɗauka bayan kowace kwana akwai tsakuwar da ta zubo daga jikin dutse, ko damshi a inda rana ba ta kaiwa. In yatsunki gajeru ne, yawancin hannayen birki suna da ɗan noti da ake matso da su kusa. Ki sa a daidaita miki tun a shago.

Tambaya: Tunda hanyar tana bin gefen tafki, in sayi ƙaramin matacin ruwa in rage ɗaukar gora?

Amsa: A'a, Malam. Sau da yawa ruwan yana can ƙasa, bayan shinge ko gangaren da ba ya saukuwa da takalmin keke. Ga shi a lokacin zafi wasu tafkuna suna yin wani koren gansakuka mai guba, wanda tafasawa ba ta kashe dafinsa, ƙaramin mataci ma ba abin dogaro ba ne. Ɗauki gora biyu masu cin mililita 750, ka lissafa rabin lita zuwa gora guda a kowace awa, da ɗan gishiri a ciki, ka kuma san inda za ka cika tun kafin ka fita. In tazarar ta yi yawa, jakar ruwa ta goyo ta fi mataci amfani.

Tambaya: Kuɗina kaɗan ne. Tsakanin sababbin tayoyi, na'urar nuna hanya, da rigar iska, wanne zan fara saya?

Amsa: Tayoyi, ƙanena. Masu faɗin milimita 28, ko 32 in kekenka yana da sararin ɗaukarsu. Ba a cika musu iska sosai kamar sirara, don haka suna kama ƙasa a kwana, suna shanye gargada. In rim ɗinka yana karɓar taya marar tif, ruwan da ake zuba mata yana toshe ƙananan huji da kansa, amma duk da haka ka tafi da tif guda da famfo, domin kaifin dutse yana iya tsaga gefen taya.

Sai rigar iska, wadda ke naɗewa ta shiga aljihu. A kowace mita 1,000 da ka haura, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5, kuma za ka iso saman ne jiƙe sharkaf da gumi, sannan ka gangara minti ashirin ba ka motsa ƙafa ba. Hannun da ke rawar sanyi ba ya riƙe birki da kyau.

Na'urar ta jira. Ka sauke taswira a wayarka tun a gida, domin sabis yakan ɗauke tsakanin bangon duwatsu, ka kuma gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran dawowa. In an samu canji, fitilar baya mai ƙyaftawa da ta gaba sun fi na'urar muhimmanci. Irin waɗannan hanyoyi sukan ratsa ramin da aka fafe a cikin dutse, inda direban da ya fito daga hasken rana ba ya ganin komai na 'yan daƙiƙu. A ƙarshen mako kuma ga motoci masu jan jiragen ruwa zuwa tafki, kuma tirelar takan fi motar faɗi, don haka in mota ta wuce ka kada ka yi saurin komawa tsakiyar hanya.

Ku fita da sassafe. A kwanakin da gari ya yi garau, iska takan gangaro kwazazzabo da dare zuwa safiya, rana na ɗagawa ta juya ta riƙa haurawa, ta fi ƙarfi bayan azahar. Wanda ya makara zai tarar da ita a fuska wajen dawowa, har ya riƙa taka feda a gangara.